ZAUREN UWARGIDA: 'Yarki Ta Fara Littafi Mai Wasa Da Hankali, Mene Ne Abin Yi?

  

Zancenmu na wannan wata a kan karatun 'ya'yanmu mata ne, wato karatun da suke yi a bayan idonmu bayan an rufe littafin lissafi. Abin da ya jawo zancen kuwa wata takarda ce da wata 'yar uwa ta aiko mana daga Rimawa, cikin ƙaramar hukumar Goronyo ta Jihar Sakkwato. Ta ce ɗiyarta 'yar aji biyar ce a sakandaren kwana, ta dawo hutu da wani littafi da ta aro a wurin ƙawarta. Tun ranar da ta buɗe shi, an aike ta ta manta saƙo, an bar mata tuwo ya kama, dare kuma ya raba tana haska tocila a ƙarƙashin mayafi. Da uwar ta tsare ta da tambaya, sai ta ce: "Inna, littahin ga ba na soyayya ba ne. Na kai shafi arba'in ba a kashe kowa ba, babu aljani babu dodo, amma gabana sai faɗuwa shikai. Ita kanta matar da ke ba da labarin ban yarda da ita ba, kuma na kasa aje shi." Tambayar wannan baiwar Allah ita ce: ta karɓe littafin ta sa a murhu, ko ta zuba ido?

Amsata a taƙaice, 'yar uwa, ita ce kada ki ƙona, kada kuma ki zuba ido. Ki zauna ki san abin da 'yarki take karantawa. Na kuma san wannan tambaya tana cikin zukatan iyaye da yawa daga Wurno har Rabah, daga Kano har Maraɗi, shi ya sa na ga ya dace mu baje ta a faifai.

WANE IRIN LITTAFI NE WANNAN?

Mu da muka taso da littattafan Hausa mun saba da kashi biyu ko uku. Akwai na soyayya da zaman aure, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, da Allura Cikin Ruwa na Hajiya Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa. Akwai na jarunta da ta'addanci, inda ake harbi da gudu da bin sawu, kamar Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare da ya fito a 1982. Akwai kuma na aljanu da matsafa. Wanda yarinyar nan ta ɗauka wani kashi ne daban. A cikinsa fagen yaƙin shi ne zuciyar mutum, makaman kuwa ƙarya ne da ɓoye sirri da zargi da yaudara. Yawanci ma labarin ba ya fita daga cikin gida ɗaya: miji da mata, uwa da 'ya, amarya da dangin miji, ko aminai biyu. Mugun da ake tsoro yana zaune a tabarma ɗaya da wanda zai cuta, suna cin abinci a kwano ɗaya.

Bari in ba ki misalin da ya shahara a duniya. A 1938 wata marubuciya 'yar Ingila mai suna Daphne du Maurier ta fitar da littafi mai suna Rebecca. Labarin wata yarinya ce marainiya, marar kowa, da ta auri wani attajiri wanda matarsa ta fari ta rasu. Da ta tare a gidansa sai ta tarar komai na gidan yana nan yadda marigayiyar ta bar shi, ga kuma wata shugabar ma'aikatan gidan da ta sha alwashin ba za ta bar amarya ta sake ba. Kullum ana nuna mata cewa ba ta kai uwargidan da ta mutu kyau ba, ba ta kai ta iya magana ba, ba ta kai ta iya karɓar baƙi ba. Har littafin ya ƙare marubuciyar ba ta faɗi sunan amaryar ba, sunan wadda ke kabari ne a bangon littafin. Duk macen da ta taɓa shiga gidan da aka yi wata kafin ita, ta san wannan ciwo ba sai an fassara mata ba. Kishi da mai rai ma yaya aka ƙare, balle kishi da wadda ba za ta sake yin kuskure ba?

ABUBUWA UKU DA YARINYAR TA LURA DA SU

Ki sake duba maganar ɗalibar nan, za ki ga ta faɗi abubuwa uku, kuma kowannensu da gangan marubuci yake gina shi.

Na farko, ta ce ba abin da ya faru amma tana jin tsoro. Haka ake so. Marubucin irin wannan littafi yakan ajiye ƙananan alamu a shafukan farko: ɗakin da aka hana kowa shiga, waya da ake kashewa idan mace ta shigo, baƙon da ya san sunan da bai kamata ya sani ba. Mai karatu yana ganin hayaƙi bai ga wuta ba, sai zuciyarsa ta shiga ƙirƙiro wutar da kanta. Jikin ɗan Adam kuwa ba ya tsayawa tantance tsoron gaske da na labari kafin ya amsa. Da zarar ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, sai jiki ya saki wani sinadari da likitoci ke kira adirenalin, bugun zuciya ya ƙaru, tafin hannu ya yi gumi, barci ya gudu. Faɗuwar gaban da yarinyar take ji ke nan. Ba shafar aljanu ba ce, ba kuma ciwon zuciya ba ne.

Na biyu, ta ce ba ta yarda da mai ba da labarin ba. Wallahi wannan magana ta burge ni, domin alama ce ta yarinya mai kaifin basira. A littattafan da muka saba, duk abin da mai ba da labari ya faɗa gaskiya ne. A wannan kashi kuwa, mai ba da labarin yana iya zama maƙaryaci, ko mai mantuwa, ko wanda hankalinsa ya taɓu, ko ma shi ne mai laifin. Tun a 1926 marubuciyar nan Agatha Christie ta girgiza masu karatu da wani littafi inda a ƙarshe aka gano cewa likitan da ke ba da labarin, yana kuma taya mai bincike aiki, shi ne ya yi kisan. A zamanin nan ma littattafan da suka yi kasuwa a Amurka da Ingila, irin su Gone Girl na 2012 da The Girl on the Train na 2015, a kan wannan dabara aka gina su. Yarinyar da ta gano haka tun a shafi na arba'in ta fara koyon auna magana kafin ta haɗiye ta.

Na uku, ta ce ta kasa ajiye shi. Wannan ma sana'a ce. Ana yanke kowane babi a daidai inda numfashi ya tsaya, kamar yadda masu karanta littafi a rediyo suke cewa sai gobe a daidai lokacin da aka ƙwanƙwasa ƙofa. Zuciyar mutum ba ta son tambayar da ba a amsa ba, don haka sai ta ce bari in ƙara babi ɗaya, daga nan sai kiran assalatu.

BA BAƘON ABU BA NE A WURINMU

Kada ki ɗauka wannan duk kayan Turawa ne. Cikin littattafai biyar na farko da suka fito daga gasar rubutun Hausa ta 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, akwai Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East. Da yawa daga cikinmu mun karanta shi a makaranta. Ki tuna yadda attajiri Malam Shaihu ya yi amfani da dukiyarsa ya raba Abubakar da masoyiyarsa Zainabu, da yadda ƙullin ramuwa ya cinye rayuwar Abubakar, ya bi duniya neman abin da zai lalata ɗan da za a haifa, da yadda yaron nan Kyauta ya tashi ɓarawo har ajalin mahaifinsa ya zo ta hannunsa. Abin da ke riƙe mai karatu a wannan littafi shi ne kallon yadda ƙiyayya take girma a cikin zuciya tana cin mai ita. Ashe ke nan sama da shekara 90 da suka wuce marubutanmu sun taɓa wannan fage.

Kafin boko ma, kakanninmu sun san amfanin tsoro a cikin labari. Wace ce a cikinmu ba ta ƙanƙame 'yar uwarta ba a dandali lokacin da ake tatsuniyar Dodo, ko ta budurwar da ta ƙi samarin garinsu ta bi kyakkyawan baƙo, sai da suka yi nisa a daji ya fara mayar da kayan aron da ke jikinsa? Tsohuwa tana tsorata yara ne a wurin da babu abin da zai same su, don su san tsoron a wurin da ya dace. Wannan ita ce hikimar, kuma ita ce ma'aunin da za mu auna littafin zamani da shi.

AMFANIN DA KE CIKI

Amfani na farko shi ne karatun kansa. Yarinyar da ta iya zama da littafi mai shafi 200 ko 300 ta cinye shi, ta sami abin da malamai ke nema ruwa a jallo. Ita ce za ta iya karanta tambayar jarrabawar WAEC ko NECO ta fahimce ta, ita ce gobe za ta karanta takardar asibiti da ta makarantar 'ya'yanta ba tare da ta nemi mai duba mata ba. A yankin da ake fama da iyaye kafin su bar yarinya ta gama sakandare, wadda ta kamu da son littafi dukiya ce. Kuma ƙasar Rima ba baƙuwar mata masu karatu ba ce. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, daga wannan yanki ta riƙa tura jajis ƙauyuka suna karantar da mata.

Amfani na biyu ya fi shafar mu matan aure. A 1938 wani marubuci ɗan Ingila, Patrick Hamilton, ya rubuta wasan kwaikwayo mai suna Gas Light, aka kuma yi fim ɗinsa a Amurka a 1944. Labarin wani miji ne da ya ƙudurta sai ya sa matarsa ta yarda cewa ta haukace. Yakan ɓoye kaya ya ce ita ta ɓatar. Idan ya hau bene a ɓoye yana neman wata dukiya, hasken fitilun gidan yakan ragu, in ta faɗa sai a ce idonta ne ke yi mata gizo. A hankali ta daina yarda da idonta da kunnenta. Daga sunan wannan wasa ne masana halayyar ɗan Adam suka sami sunan da suke kiran irin wannan zalunci da shi har yau.

To 'yar uwa, ki faɗa mini gaskiya, ba mu da irin wannan a gidajenmu? Kishiyar da za ta zuba gishiri a miyar 'yar uwarta ta ce ai kin fara mantuwa. Saurayin da zai yi wa yarinya alkawari gaban ƙawayenta, gobe ya rantse bai taɓa faɗa ba. Mai maganin da zai ce wa mace duk danginta maƙiyanta ne, shi kaɗai ne mai ƙaunarta, har sai ya raba ta da 'yan kunnenta da akuyarta. Yarinyar da ta ga wannan salo a takarda, ta ga yadda yake farawa da zaƙin baki da raba mutum da 'yan uwansa, za ta fi saurin gane shi ranar da ya zo mata da babbar riga da turare.

ILLOLIN DA ZA KI SA WA IDO

Kowane allazi da nasa amanu. Illa ta farko ita ce barci. Likitocin barci sun ce yaro daga shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10 a kowane dare. Yarinyar da ta kai ƙarfe biyu tana karatu, ta tashi da asuba ta ɗebo ruwa ta hura wuta, ba za ta yi wata guda a haka ba sai kin ga ciwon kai da saurin fushi da gyangyaɗi a aji. In a waya take karatun, abin ya fi muni, domin hasken waya kansa yana jinkirta barci.

Illa ta biyu ita ce zargi. Littafin da ke koya wa yarinya lura yana iya wuce gona da iri ya koya mata cewa kowa munafuki ne. In ta karanta goma a jere, duk miji a cikinsu maci amana ne, duk aminiya maƙiyiya ce, za ta iya shiga gidan aure da bincike a waya da laɓe a bayan ƙofa. Zargi kuwa gara ce, ba ta barin ginin da ta shiga. Dole a riƙa tuna mata cewa marubuci yana zaɓo gida ɗaya ne da ya lalace cikin dubu saboda shi ne ke sayar da littafi, sauran gidajen da ake zaman lafiya babu mai rubuta labarinsu.

Illa ta uku ita ce abin da ake cusawa a ciki. Wasu daga cikin na Turawan nan, har da waɗanda na ambata na 2012 da 2015, don manya aka rubuta su, akwai shaye-shaye da batsa da zubar da jini a cikinsu, ba su dace da 'yar sakandare ba. Na Hausa ma da ake turawa babi-babi ta WhatsApp da Wattpad, da yawansu ba su bi ta hannun edita ko wani dattijo ba, akwai na ƙwarai, akwai kuma waɗanda ke kanki ba za ki iya karanta su a gaban maigida ba.

Illa ta huɗu ta shafi 'yan uwanmu na gabashin Sakkwato musamman. Shekarun nan mutanen Goronyo da Rabah da Wurno da Isa da Sabon Birni sun ga tashin hankalin 'yan bindiga da idonsu, ba a takarda ba. Harin da aka kai kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021 har yau yana zukatan mutane. Yarinyar da ta taɓa gudu cikin dare, ko aka ɗauke wani nata, tsoron littafi yana iya tayar mata da tsohon miki. In kin ga tana firgita cikin barci, ko tana kuka ba dalili, ko ta daina son fita tsakar gida da dare, to wannan littafi ba lokacinsa ba ne, a canza mata da wani cikin lallami. In abin ya ci gaba bayan an ajiye littafin, a kai ta asibiti a yi wa likita bayani.

ME YA SA BA ZA A ƘONA BA?

Domin an gwada. A 2007 an tara littattafan hikaya da aka karɓe daga hannun 'yan mata 'yan makaranta a Kano aka cinna musu wuta a bainar jama'a, a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Masu shirin gyaran tarbiyya suka nufa, amma 'yan mata ba su daina karatu ba. Bayan 'yan shekaru ma sai littafin ya bar teburin mai sayarwa a kasuwa ya koma cikin waya, inda uwa ba ta ganin bangonsa balle ta san sunansa. A gida ma haka ne. Ranar da kika sa littafin aro a murhu, kin jawo wa 'yarki biyan bashi da jin kunya a wurin ƙawarta, kin kuma koya mata cewa na gaba ɓoye shi za ta yi. Gara littafin da ake karantawa a tsakar gida da wanda ake karantawa a bayan ɗaki.

GA SHAWARWARINA

1. Ki tambaye ta labarin tun tana shafukan farko. Ki ce, "Wa kike zargi? Me ya sa?" Yadda za ta ba ki amsa zai nuna miki abin da ke cikin littafin da abin da ke cikin kanta.

2. In kina karatu, ki karɓa ki duba babi biyu na farko da ɗaya a tsakiya. In ba kya karatun boko, ko littafin na Turanci ne, ki sa ta karanta miki tana fassarawa kuna tsince shinkafa ko gyaran albasa. Duk inda kika ji ta yi tsalle ta wuce shafi, kin san akwai magana. Kina kuma iya ba yayarta ko wata malama da kika amince da ita ta duba miki.

3. Ki yanka mata lokaci. Bayan ta gama aikin gida da bitar karatunta, tana da awa guda da rana ko da yamma. Bayan sallar isha'i littafi da waya su kwana a ɗakinki. Lokacin jarrabawa kuwa a jingine shi gaba ɗaya.

4. Kada ta karanta iri ɗaya a jere. In ta gama mai tayar da hankali, ki sa ta bi shi da Magana Jari Ce, ko tarihin magabata, ko Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ke nuna yadda mace take tsayawa da ƙafarta ta riƙe 'ya'yanta bayan miji ya yi watsi da su.

5. In ta kai ƙarshe, ki sake zama da ita. Ki tambaye ta ko hasashenta na farko ya yi daidai. Sau da yawa za ta tarar wanda ta zarga tun farko ba shi da laifi, kuma wannan kaɗai darasi ne babba a kan saurin yanke wa mutum hukunci.

6. In kin ga tana da baiwa, ki saya mata littafin rubutu da biro ki ce ta gwada nata. Tun 2016 Sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata ta gajerun labarai don mata.

Tarbiyyar 'ya mace a wannan zamani sai da kusanci. Abin da duk ya shiga kanta, ta littafi ne ko ta waya ko ta bakin ƙawa, in kin saba zama da ita za ki ji shi tun yana ɗanye, a lokacin da ake iya tanƙwara shi. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani da mazaje na gari, Ya kuma dawo mana da zaman lafiya a garuruwanmu. A wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba yadda uwa za ta shirya 'yarta kafin komawa makarantar kwana. Sai na ji daga gare ku. Wassalam.